Jadawalin Tsawon Rai Ba Littafin Ajali Ba Ne

Ɗana,

 Mu nan Jama'a sai godiyar Allah. An kai gero gida, dawa kuma ta nuna tana jiran girbi.

Innarka ta gaya mini abin da ke damunka. Ta ce tun ranar da ka ji a rediyo cewa tsawon ran ɗan Najeriya bai wuce shekara 54 ba, hankalinka bai kwanta ba, ganin kai ma ka ba hamsin baya. Ta ce kuma wani ma'aikacin inshora ya zo ofishinku da takarda mai layi-layi, ya tambayi shekarunka, ya bi layi da yatsa, ya faɗa maka abin da za ka riƙa zubawa, har wani abokin aikinka ya ce wannan iƙirarin sanin gaibu ne. Na koyar da lissafi tsawon rayuwata ta aiki, kuma na san takardar nan. Shi ya sa na ga gara in rubuta maka a natse, ka karanta a natse.

Mu fara da 54 ɗin, tunda ita ce ta hana ka barci. Lambar ba ƙarya ba ce. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 'yan shekarun nan tana ajiye Najeriya a wajajen nan, kuma tana cikin mafi ƙaranci a duniya. Sai dai ba ta nufin abin da ka ɗauka. Lissafi ne da ake yi wa jaririn da aka haifa yau, kuma matsakaici ne. Ga misali. A ce an haifi yara goma a unguwa ɗaya. Biyu suka koma tun suna goye, ba su cika shekara ba. Takwas suka rayu, kowanne ya kai 68. Ka tara shekarunsu ka raba gida goma, za ka samu 54 da 'yan kai, alhali a cikin goman nan babu ko ɗaya da ya rasu yana ɗan 54. Abin da ke jan lambarmu ƙasa shi ne yaran da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa ke ɗaukewa kafin su yi wayo. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kaiwa shekara 5. Na 2023 zuwa 2024 ya nuna abin ya sauko zuwa 110, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma ya fi matsakaicin ƙasa muni. Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da takarda ba. Ka tambayi kowace tsohuwa a gidanmu 'ya'ya nawa ta haifa, za ta faɗa maka adadi biyu, na haihuwa da na waɗanda suka tsaya.

To kai ka riga ka tsallake wannan siraɗin. Layinka a jadawali daban ne da na jariri. Ɗan Najeriyar da ya kai 60, a matsakaici yana da sauran shekaru goma sha wani abu a gabansa, wasu ma su ninka haka. Saboda haka tambayar da ta kamace ka ita ce da me za ka ci idan Allah Ya kai ka 75 ko 80, ba wai ko saura shekara biyu ba.

Bari in kwatanta maka takardar kanta, don idan ka sake ganinta kada ta ba ka tsoro. A gefe ɗaya an jera shekaru, daga sifili har ɗari ko fiye. Kusa da su akwai adadin mutanen da suka rage a raye, yawanci ana farawa da 100,000, lambar tana raguwa layi bayan layi har ta ƙare. Sai adadin waɗanda suka rasu tsakanin wannan shekara da ta gaba. Sai kason da suka rasu a cikin waɗanda suka shiga shekarar da rai, kuma wannan shi ne abin da mai inshora ya fi zuba wa ido. A ƙarshe sai matsakaicin shekarun da suka rage wa mai wannan shekara. Babu sunan kowa a ciki. Idan ka bi kason mutuwar da ido, za ka ga yana da yawa a shekarar farko, ya yi ta sauka har wajen shekara 10 zuwa 12 inda ya fi ƙaranci, sannan ya fara hawa. Wani masanin lissafi na Landan, Benjamin Gompertz, ya nuna a 1825 cewa hawan nan ninkawa yake yi, kuma masu bincike na baya sun ga cewa daga wajen shekara 30 yana ninka kansa kusan duk shekara takwas. Dalilin da ya sa ke nan kuɗin da aka yanka maka ya ɗara na ƙaninka nesa ba kusa ba, ko da yake kai ba ka jin ciwon komai.

Yanzu maganar gaibu. Ina girmama abokin aikinka, domin tsoron Allah ne ya sa shi faɗin haka, kuma da a ce takardar tana cewa wane zai mutu ran kaza, da ni ne farkon wanda zai yage ta. Amma ka tuna yadda kakanka yake gwada iri kafin damina. Ya ƙirga ƙwayar masara ɗari, ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, ya naɗe, ya ajiye a inuwa. Bayan 'yan kwanaki ya buɗe ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Daga nan ya san mudu nawa zai ware wa gonar. Bai taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya ya ce wannan za ta fito, wannan ba za ta fito ba. Abin da ya sani na tarin iri ne, kuma daga abin da ya riga ya faru ya san shi. Jadawalin ma haka yake: ƙidayar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ce, aka jera ta bisa shekaru. Ajalin mutum ɗaya yana wurin Allah, babu mai leƙawa. Har ma a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci cewa rayuwar al'ummarsa tsakanin sittin da saba'in take, kaɗan ne ke wucewa. Magana ce a kan al'umma baki ɗaya, kuma babu sahabin da ya fahimce ta a matsayin an yanka masa rana.

Asalin abin ma daga ƙirga jana'iza ya fito. A Landan, saboda annoba, majami'u sun riƙa tura wasu tsofaffin mata su duba kowace gawa su faɗi abin da ya kashe ta, ana buga adadin duk mako ana sayarwa. Wani ɗan kasuwar kayan ɗinki, John Graunt, ya tara takardun nan na shekaru masu yawa, a 1662 ya fitar da littafi. A ƙiyasinsa, cikin mutum 100 da aka haifa, 64 ne ke kaiwa shekara 6, 40 ke kaiwa 16, 25 ke kaiwa 26. Ka ga Landan ta wancan zamani ta fi ƙauyukanmu na yau mutuwar yara. Bayansa sai Edmond Halley, wanda aka sa wa tauraruwa mai wutsiyar nan sunansa. Shi ya samu rijistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland, ta shekarun 1687 zuwa 1691, wadda wani limamin coci, Caspar Neumann, ya tattara. A 1693 ya fitar da jadawalin da ya nuna yadda yara 1,000 ke zama 855 a shekara ta gaba, haka har tsufa. A lokacin gwamnatin Ingila tana karɓar kuɗin mutane da alkawarin biyansu duk shekara har su mutu, farashi ɗaya ga yaro da tsoho. Halley ya nuna da lissafi cewa wannan kuskure ne. An daɗe ba a saurare shi ba. Sai da wani malamin lissafi, James Dodson, ya nemi shiga wata ƙungiyar inshorar rai aka ƙi shi don ya haura 45, sannan ya zauna ya tsara yadda kowa zai shiga ya biya daidai shekarunsa. Ya rasu a 1757, amma a kan tsarinsa aka kafa kamfanin Equitable a 1762, kuma tun daga nan inshorar rai ba ta rabu da jadawali ba.

Ga yadda ake yanka kuɗin, da lambobin da na ƙirƙira don misali kawai. A ce maza 1,000 'yan shekara 40 sun yarda cewa duk wanda ya rasu a cikinsu bana, za a ba iyalinsa naira miliyan ɗaya. A ce jadawali ya nuna ana tsammanin goma za su rasu. Ana bukatar miliyan goma ke nan, kowa zai zuba naira 10,000. A kan wannan kamfani zai ɗora kuɗin ma'aikata da na dillali da abin ko-ta-kwana da ribarsa. Idan 'yan shekara 56 ne, mutuwar ta ninka sau biyu, goma ta zama wajen arba'in, zubin ma ya bi ta. Sannan za su duba jininka da sukarinka, su tambaye ka ko kana shan taba, don su san ko za su bar ka a layinka ko su matsar da kai gaba. Abu ɗaya da nake so ka riƙe a nan: lissafin nan sai da taro mai yawa yake tsayuwa. A cikin mutum dubu ɗari, abin da ya faru bara kusan shi zai faru bana. A cikin mutum talatin, shekara uku na iya wucewa ba a rasa kowa ba, sannan mota ɗaya ta kife a hanyar Gwarzo zuwa Kano a rasa huɗu rana guda. Shi ya sa kullum nake gaya wa ƙungiyarmu ta 'yan asalin gari su ci gaba da karo-karon ta'aziyya yadda suka saba, amma kada su yi wa kowa alkawarin dunƙulen kuɗi mai yawa. Asusunsu ba zai ɗauka ba.

Jadawalin yana aiki ta fuska biyu, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai haɗarin mutuwa da wuri a bar ƙananan yara. Akwai kuma haɗarin daɗewa har abin hannu ya ƙare, ƙarfi ya ƙare, mutum yana nan. Tsawon rai ni'ima ce, muna roƙonsa mai albarka, amma yana da ɗawainiya. Labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya haɗa duka biyun. Ya kwanta ciwo a Makka har ya fid da rai, a lokacin 'ya ɗaya gare shi, ya nemi ya sadakar da mafi yawan dukiyarsa. Annabi ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada da abin hannu ya fi barinsu suna roƙon mutane. Sa'adu ya warke, ya ƙara shekaru sama da arba'in a duniya, ya haifi 'ya'ya da yawa. Da ya rabar da komai a ranar, da shi kansa ne farkon wanda zai nema ya rasa.

Ta fuskar farko, kai ma'aikacin tarayya ne, kuma dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke ƙarƙashinta ta yi wa ma'aikatanta inshorar rai ta bai-ɗaya, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ma'aikata ce ke biyan wannan, ba a cirewa daga albashinka. Kafin ka sayi wata sabuwa a hannun dillali, ka fara tabbatar da wannan tana nan da ranta. 'Yan'uwanka malaman firamare na Gwarzo da Kabo su tsarinsu daban ne, suna ƙarƙashin asusun fansho na Jihar Kano da aka kafa da dokar 2006, don haka kada ka auna naka da nasu.

Ta fuska ta biyu, ranar da ka yi ritaya za a ajiye maka zaɓi biyu a kan abin da ya taru a asusunka, bayan dunƙulen da za ka ɗauka. Ko dai kuɗin su zauna wurin kamfanin da ke kula da fanshonka a riƙa ɗibar maka duk wata bisa tsari, ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka har ranar da ka bar duniya, abin da suke kira anuwiti. Dukansu da jadawali ake lissafa su. A na farko kuɗin naka ne, idan ka rasu abin da ya rage na magada ne, kuma idan jarin ya yi riba ana iya ƙara maka, amma idan ka daɗe sosai asusun na iya yin ƙasa. A na biyu ba za a daina biyanka ba ko ka kai ɗari, domin kuɗin waɗanda suka rasu da wuri ne ke ɗaukar waɗanda suka daɗe. An lamunce shekara goma: idan ka rasu a cikinsu za a ba iyalinka ragowar, idan ka rasu bayansu ba su da komai. Kuma wanda ya fara da na farko yana iya komawa anuwiti, amma wanda ya shiga anuwiti ba shi da hanyar dawowa. Wannan ƙofa ce mai shiga kawai, kada kowa ya hanzarta ka.

Idan ka tambayi ra'ayina, mutumin da ke fama da ciwo mai tsanani, ga yara ƙanana, ban ga hikimar ya miƙa duk abin da ya tara ga anuwiti ba. Wanda kuma yake da ƙoshin lafiya, iyayensa da kakanninsa sun yi tsawon rai, 'ya'yansa sun tsaya da ƙafarsu, shi ya kamata ya duba shi da kyau. Kamfanonin sun san masu jin ƙarfin jikinsu ne ke sayen anuwiti, shi ya sa suke auna su da jadawali na daban mai nuna tsawon rai fiye da na sauran jama'a. Sai kuma abin da babu jadawalin da ke ƙirga shi, wato faɗuwar darajar naira. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kuɗin wata da aka tsayar wuri ɗaya, wanda yau zai sayi buhun masara, bayan shekara goma ƙila sai 'yan kwanuka. Saboda haka duk wanda ka zaɓa, gonarka ta nan gida kada ka sayar da ita.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ne ya fi sa ni ɗaukar alƙalami. Jadawalin da aka auna ka da shi, da wuya in namu ne. Shekara da shekaru kamfanonin inshora na Najeriya suna aro na Ingila ne, har da wanda aka haɗa daga mutuwar Turawan da ke da inshora tsakanin 1967 da 1970, sai su ɗan gyara shi da abin da suka gani a nan. Baturen da ke aikin ofis a Landan sama da shekara hamsin da suka wuce, da ɗan Jama'a da ke bin hanyar Kano a kan babur, ba cuta ɗaya ke kashe su ba, ba kuma a shekaru ɗaya ba. Jadawalin da bai dace da mutanensa ba kuwa sai ya cuci wani. Ingilar ma ta ɗanɗana. Wani masani, Richard Price, ya haɗa jadawali daga rijistar garin Northampton, sai aka yi rashin sa'a rijistar ba ta ƙirga jariran wasu ɗariƙu da ba sa kai 'ya'yansu cocin hukuma ba, jadawalin ya nuna mutane suna mutuwa da wuri fiye da gaskiya. Masu sayen inshorar rai suka yi ta biyan fiye da kima. Gwamnati kuma ta ɗauki jadawalin nan a 1808 ta sayar da anuwiti da shi, tsofaffi suka daɗe fiye da lissafi, baitulmali ya yi ta asara kimanin shekara ashirin kafin a saurari John Finlaison, wanda ya gano matsalar. Kuskure ɗaya ne, ya cuci talaka a nan, ya cuci hukuma a can.

Me ya hana mu samun namu? Ka san yadda muke yi. Mutum ya cika da asuba, a sanar a masallaci, samari su ɗauki diga da shebur su nufi maƙabarta, a yi wanka, a haɗa likkafani, liman ya sallata, kafin hantsi ya ɗaga an rufe shi. A dawo a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi ta karɓar gaisuwa. Gaggauta jana'iza sunna ce, kuma ina alfahari da yadda garinmu ba ya barin gawa ta jira. Amma a cikin duk mutanen da ke zaune a tabarmar nan babu wanda zai rubuta ranar, balle shekarun mamacin, balle abin da ya yi ajalinsa. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce doka ta ɗora wa rijistar haihuwa da mutuwa, amma mutuwar da ake kai mata kaɗan ce ƙwarai, yawanci sai in akwai kuɗin banki ko na fansho da za a karɓa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe ma tun 2006 aka yi ta, lokacin da aka ce Gwarzo tana da mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000. Limamin Breslau littafi da alƙalami kawai gare shi. Ban ga abin da zai hana kowane masallacin Juma'a a ƙasar Gwarzo ya ajiye irin wannan littafi ba, a hannun na'ibi ko mai unguwa, a riƙa miƙa wa hukuma. Amfaninsa ma ya wuce inshora, domin da shi ne za a gane wace unguwa ce yara suka fi mutuwa, a wane wata, da wace cuta.

Sai maganar shekarunka kai kanka. Yawancin tsaranku ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, takardar rantsuwa aka yi a kotu lokacin shiga makaranta ko neman aiki, wasu kuma suka rage 'yan shekaru don su daɗe a ofis. Wanda ya rage shekara biyar, ranar da ya zo sayen anuwiti za a ɗora shi a layin wanda ya fi shi ƙuruciya, a ɗauka zai daɗe yana karɓa, a rage masa kuɗin wata har ƙarshen ransa. A inshorar rai kuma, idan bayan rasuwa aka gano shekaru ko wata cuta da aka ɓoye, kamfani na iya rage abin da zai biya ko ya ƙi biya gaba ɗaya, marayu ne za su sha wahalar. Idan kana da hawan jini ka faɗa. Gara a ƙara maka zubi kana raye da a hana iyalinka bayan ba ka nan da za ka yi bayani.

Na san za ka tambaye ni halasci. Ni ba mai fatawa ba ne, ka je wurin malaman da ka amince da iliminsu. Abin da ke rubuce shi ne, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya. Wannan ita ce takaful. An fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. A nan gida hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, aka ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisi a 2016, wasu suka biyo baya. A takaful abin da ka zuba gudummawa ce a asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, idan an samu rara a raba wa masu zubi. Malamai suna kafa hujja da Ash'ariyawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi kuma ya yabe su. A ɓangaren fansho ma, tun 2021 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe asusun da ba a juya shi da kuɗin ruwa, kana iya neman a mayar da kai can. Abin lura shi ne takaful ɗin ma da jadawalin nan take yanka gudummawa. Saɓanin malamai a kan tsarin kwangilar yake da inda ake juya kuɗin. Ƙirga mamata da shekarunsu ba shi ne abin da suka hana ba.

Mafi yawan mutanenmu a nan ba su da albashi, balle fansho. Fanshonsu gona ce da 'yan awaki da 'ya'ya. Su ma darasin layin 'yan sittin ya shafe su. Na ga dattijon da ya raba gonakinsa kaf yana ɗan sittin da 'yan kai, yana cewa ai ya gama, sai Allah Ya ƙara masa shekara ashirin, ya ƙare yana jiran wanda zai tuna da shi da kwanon tuwo. 'Ya'yansa ba mugaye ba ne, kowa nauyin gidansa ne ya danne shi. Kuma mata a kusan ko'ina sun fi maza tsawon rai, ga shi a al'adarmu miji yakan girmi matarsa da shekaru masu yawa. Ka lissafa tazarar da ke tsakaninka da maiɗakinka, za ka ga tana iya yin shekara ashirin ko fiye a duniya bayanka. Tanadinka ya kai har can. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai aiki ɗaya da nake so ka yi cikin makon nan. Ka je ofishin kula da ma'aikata da kuma kamfanin fanshonka, ka ce a nuna maka sunan da ka rubuta a matsayin wanda za a nema idan ka rasu. Ina kyautata zaton sunan marigayi mahaifinka ne ke nan tun ranar da ka kama aiki kana saurayi. Ka sauya shi da wanda yake raye kuma ka amince da shi, ka zaunar da shi gaban shaidu ka gaya masa cewa amana ce za ta biyo ta hannunsa, a raba yadda shari'a ta tsara. Ka tambaye su sunan kamfanin da ke riƙe da inshorar ma'aikatarku da ko an biya ta bana, ka duba ko ranar haihuwarka ɗaya ce a duk takardunka. Shi kuma dillalin, ka ce ya rubuta maka nawa za ka zuba, har shekara nawa, me za a biya, da abin da zai sa a ƙi biya. Kada ka sa hannu tukuna. Ka taho da takardun idan za ka zo gida bayan girbi, mu duba su tare.

Ka gaida maiɗakinka da jikokina. Allah Ya ba mu tsawon rai mai albarka, Ya sa mu cika da imani.

Baffanka,
daga Jama'a